Allon Kakanku da Ban Gwada Ba

Akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidan nan, har na ji Aisha tana maimaita wa 'ya'yanta ranar Sallar da ta wuce. Wai kakanku na Nguru tsufa ne ya hana shi sarrafa na'ura, ruwa ya ci shinkafar mutanen Katuzu, aka sallame shi, ni kuma aka haɗa da ni don kawai ni surukinsa ne. Ban san wanda ya fara tsara labarin a haka ba, amma na san wanda ya bar shi ya zauna. Ni ne. Tunda hannuna yana iya riƙe biro har yanzu, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, ku karanta, ku ajiye.

A waccan shekarar ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya a nan Gashuwa, mai lura da hawan ruwa. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Akwai masu awo a wurare daban-daban a bakin ruwa, kowa da ƙarfensa mai lambobi da aka kafa. Da safe mutum zai duba inda ruwa ya kai, ya shigar da lambar a wani shafin intanet, mu kuma mu gani a ofis. In ruwa ya fara hawa ta wajen Nguru, mun san nan da 'yan kwanaki zai iso mana, sai mu aika wa masu fadama su shirya. Mu uku ne a ofishin. Hajiya Falmata ce shugaba, mace mai magana ɗaya. Chinedu shi ke rubuta shafin. Ɗan wani mai shagon kayan gini ne, a nan aka haife shi, yana jin Badanci fiye da ni. Ni kuwa, da na bar koyar da kwamfuta a makarantar sakandare, aka ɗauke ni mai gwaji.

Kun sha tambayata mene ne gwajin nan, kuna ganin zama ne kawai ana danne-danne. To, shafin intanet ba ya buɗuwa da kansa, sai da manhajar da ake kira burauza, kuma burauzoji ba halinsu ɗaya ba. Abin da ya yi aiki lafiya a wannan, sai ka ga ya cije a waccan. Wasu ina iya saka su duka a kwamfutata in gwada ina zaune. Wasu kuwa ba sa tashi sai a kan na'urar da aka yi su dominta, ba dabara, sai ka riƙe ita na'urar a hannunka. Shi ya sa nake da wancan akwatin ƙarfen da kuke gani a ƙarƙashin gado, lokacin cike yake da wayoyi, sababbi da tsofaffi, har da mai maɓalli da aka ɗaure da roba. Duk ranar da Chinedu ya taɓa shafin, ko waƙafi ya sauya, ba za a saki gyaran ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina da takarda mai layi-layi, kowane layi da sunan na'ura, in sa alama a gaba, in sa hannu a ƙasa. Kuma ba na ɗaga ƙafa. Na sha mayar wa Chinedu aiki sau huɗu a yini ɗaya, har ya laƙaba mini Malam Sake. Ina jin daɗin sunan nan, ba zan ɓoye muku ba. Ina ganin a duk ƙasar Bade babu mai tsantseni irina.

Layi na ƙarshe a takardar shi ne na wata tsohuwar kwamfutar hannu mai faɗi, wadda masu awo ke kira allo. Da farko kowannensu an ba shi, daga baya da allunan suka fara lalacewa aka sauya musu da wayoyi. Mutum ɗaya ya roƙa a bar masa nasa, saboda lambobin manya ne, idonsa ya fi gani. Burauzar cikinsa tsohuwa ce, a kulle, ba a sabunta ta, ba a kuma samunta a ko'ina sai a cikin irin allon. Muna da guda a ofis don gwaji, amma a farkon daminar batirinsa ya kumbura ya mutu. Saura ɗaya ke nan a duniyarmu, yana Nguru, a hannun kakanku.

Nan ne ku 'yan yanzu za ku yi dariya. Mijin Aisha yana zama kusa da ni a kujera ɗaya muna kallon ƙwallo, har ya dafa kafaɗata in an ci. Ban hana ba, zamaninku ne. Amma ni shekara ashirin da biyu ke nan a lokacin ina auren mahaifiyarku, ban taɓa cin abinci a gaban mahaifinta ba, ban taɓa hawa tabarmar da yake kai ba, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba a takardar nan zan fara ba. In na je Nguru, tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa a bakin zaure, mu gaisa kaina a ƙasa, in tashi. In na hango shi a hanya sai in sauya lungu, shi ma haka yake yi mini. Ba ƙiyayya ba ce, girma ne, kuma ina son mutumin nan ƙwarai. Sai dai gwaji aiki ne na kusan awa biyu, kafaɗa da kafaɗa. Yadda nake yi da sauran masu awo, sai in zauna gefen mutum ina kallon yatsunsa, in ce danna nan, in ce a'a ba haka ba, sake. Ku gaya mini ta yaya zan buɗe baki in ce wa kakanku sake.

A tsakiyar damina Chinedu ya gyara akwatin da ake shigar da lamba, don wasu suna haɗawa da haruffa. Na bi duk layukan takardata a yini biyu, komai lafiya. Ranar Laraba ya leƙo ta kan kwamfutarsa.

"Malam, saura allo fa. Hajiya tana so mu saki gyaran nan ranar Juma'a."

"Gobe zan je Nguru," na ce.

"Ka gaishe mini da Baba. Ka ce masa ɗansa Chinedu yana jiran bandar kifi."

Da safiyar Alhamis na tafi tasha da jakata. Na shiga motar Nguru, na zauna a baya, ana jiran fasinja biyu. Ina zaune ina tsara yadda zan yi: in na durƙusa na gaishe shi, sai in ce me? In ce a miƙo mini allon? In zauna a ina? Tun ina tsarawa har gumi ya fara keto mini, alhali garin da sanyin ruwan da aka yi. Sai wata zuciya ta ce, kai Sale, gyaran nan ɗan ƙanƙani ne, akwatin lamba ne kawai. Kana da tsohuwar waya a jaka wadda burauzarta kusan sa'ar ta allon ce. Da fasinja na ƙarshe ya iso, ni kuma na ce a buɗe mini, na yi mantuwa. Na zauna a bencin mai shayi na gwada shafin a tsohuwar wayar, ya yi aiki sarai. Na ɗauko takarda na sa alama a layin allo, na sa hannu. Na ƙarasa yinin a shagon wani abokina mai gyaran rediyo, na koma gida da la'asar. Washegari aka saki gyaran.

Kwana huɗu bayan haka, ina cin abincin rana a tsakar gida, mahaifiyarku tana tsinkar zogale, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, Baba ya bugo. Ya ce in tambaye ka, wai koren layin nan da ke fitowa in ya aika lamba, an daina saka shi ne?"

"Wane koren layi?"

"Wanda ke cewa an karɓa. Ya ce yanzu in ya danna, shafin yana sharewa kamar da, amma layin ba ya zuwa."

Kun ga yadda ya yi. Shi ma ba zai buga mini kai tsaye ba, sai ta hannun 'yarsa, kuma bai ce abu ya lalace ba, tambaya ya yi. Nan take na tuna da allon, wannan gaskiya ne. Amma in na yarda akwai matsala, sai an tambayi yadda ta wuce ni ranar Alhamis. Na haɗiye lomar da ke bakina.

"Gyara aka yi. Ki ce masa ba komai, ya ci gaba."

"To," ta ce, ta ci gaba da zogalenta.

Shafinmu na ofis yana da wani hali da babu wanda ya taɓa damuwa da shi: in lamba ba ta zo daga wani wuri ba, sai ya ci gaba da nuna ta ƙarshe da ya karɓa. Don haka a shafin namu ruwan Nguru ya tsaya cak, kullum lamba ɗaya. Chinedu ne ya fara lura, ya tambaye ni ko ruwan Nguru barci yake yi. Na ce masa ai haka yake yi wani lokaci, ciyawar kacalla ce ke toshe hanyoyin ruwa ta riƙe shi. Na faɗa da murya irin ta wanda ya sani, shi kuma yaron kirki, ya yarda da ni. A raina na ce ranar Asabar zan daure in je. Asabar ta zo aka yi rasuwa a unguwa, na ji daɗin samun dalili, Allah ya yafe mini.

A kwana na tara da sakin gyaran ruwa ya shiga fadamar Katuzu. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma shinkafar da ta fara nuna ta tafi, injinan ban-ruwa da aka bari a gonaki sun nutse. Da sun sami labari ko da kwana uku ne, da sun yanke abin da ya yanku, sun kwashe injinansu. Wani dattijo daga can ya zo a bayan babur, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya tsaya a ƙofar ofis ya ƙi shigowa.

"Da can da idonmu muke duba ruwa," ya ce. "Kuka ce mu jira waya. Mun jira."

Ya juya ya hau babur ɗin.

Aka zauna bincike. Hajiya Falmata ta shimfiɗa takardar gwajina a kan tebur, ga alama a kowane layi, ga sa hannuna. Tunda na'ura lafiyarta ƙalau, saura mai riƙe da ita. Ta buga wa kakanku, ta buɗe muryar wayar kowa yana ji, ina zaune kamar daga nan zuwa ƙofar ɗakin nan.

"Baba, kwana tara ba mu sami lambarka ba."

"Hajiya, kullum na je, kullum na rubuta, kullum na danna."

"To, Baba, Malam Sale ya ce ya gwada allon bayan gyara, ba shi da matsala."

Ina jin kukan akuya ta cikin wayar daga can gidan Nguru. Sannan ya yi magana, a hankali, yadda ya saba.

"To. Tunda ya ce."

Ina kallon takardar, na bari aka rubuta cewa mai awo na Nguru shekaru sun cim masa, a nemi matashi. Mutumin da yake karanta ƙarfen nan da fensir tun kafin a san za a yi wani abu wai shi allo.

Aka aika wani direban motar Nguru ya karɓo allon, kakanku ya haɗo masa da littafin da yake rubuta awonsa. Da tsakar rana, kowa ya fita, na buɗe shafin a kan allon, na sa lamba, na danna. Shafin ya share, babu abin da ya tafi. Tsohuwar burauzar ba ta gane sabon akwatin lambar ba, shi ke nan. Minti biyu ya ɗauke ni in gani. Na buɗe littafin, ga kwana tara a jere da rubutunsa mai kyau, kowace lamba ta fi ta jiya, a gefen ta kwana na shida har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na sa allon da littafin a aljihun tebur na kulle. Mako uku suna nan, ina zuwa aiki ina dawowa, ina mayar wa Chinedu gyara ina ce masa sake.

A gida mahaifiyarku ba ta tuhume ni ba. Ita ta ga na dawo ranar Alhamis ɗin babu tsarabar da mahaifiyarta ba ta taɓa barin baƙo ya tafi babu ita ba, ita kuma ta kai saƙon koren layi. Ta haɗa lissafinta tuntuni. Abinci yana zuwa a kan lokaci, gaisuwa tana nan, hira ce kawai ta ɗauke. Wata safiya tana miƙo mini hula ta ce:

"Yayana ya ce Baba ya daina zuwa bakin ruwa. Masunta ma sun daina zuwa tambayarsa. Yana zaune a zaure."

"Allah ya kyauta," na ce.

"Amin. Ni dai ban tambaye ka komai ba, Malam."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A ranar na buɗe aljihun tebur, na kai wa Hajiya Falmata allon da littafin, na kira Chinedu, na danna a gabansu. Na faɗa musu komai, har bencin mai shayi. Hajiya ta daɗe tana juya shafukan littafin.

"Malam Sale, da ka bar layin nan babu alama, da mun jira ka. Rashin zuwa Nguru zan iya ɗauka. Amma yanzu wace takardarka zan ƙara yarda da ita?"

Chinedu kuwa idonsa ya yi ja, don shi ma mako uku yana zargin kansa a ɓoye.

"Haba Malam! Da ka ce mini ba za ka iya zama da shi ba, ai ni sai in je. Ni ba surukina ba ne. Motar Nguru ce kawai fa."

Wallahi har ranar nan wannan dabarar ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. Na saba ni ne mai gwaji, ni ake tambaya, ni ke cewa an yi ko ba a yi ba. In buɗe baki in ce wa yaron da na haifi kamarsa ina jin kunya, girman kaina bai bar ni na ko hango ƙofar ba. Don haka kada wani ya ce muku al'ada ce ta ci shinkafar Katuzu. Kunya ta hana ni zama da kakanku, amma ba ita ta riƙe biro ta sa alama ba.

Aka sallame ni a ƙarshen watan, kuma daidai ne. Hajiya ta rubuta takarda ta wanke kakanku, ta aika masa. Sai dai an riga an ba wani aikin, kuma mutanen gari ba sa karanta takardun ofis, abin da suka fara ji shi suka riƙe. Ni kuma da na dawo gida kuka tambaye ni, na ce muku an sallame ni saboda maganar Nguru. Ban yi ƙarya ba, amma na ga yadda kuka fahimce ta, na kuma bar ku a haka. Mahaifiyarku ta rufa mini asiri a gabanku har ta koma ga Allah, alhali sunan mahaifinta ne ke ƙasa. Kakanku ya rasu damina biyu bayan haka, bai ƙara karanta ƙarfen awo ba. Wanda duk ya ji tsohon labarin daga bakinku, ku koma ku gyara masa, ku fara da 'ya'yanku.

Saura abu ɗaya, wanda ko ita ban taɓa gaya wa ba. Bayan sallamata da mako guda na shiga motar Nguru, wannan karon ban sauka ba. Na isa da hantsi. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin zaure, yana ciki a kan buzunsa. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Maimakon in tashi kamar kullum, na zauna a ƙasa. Na faɗi abin da na zo faɗa, kaina a sunkuye, tun daga tasha har zuwa ranar bincike. Bai katse ni ba. Da na gama, ya juya fuskarsa wajen bango, don kada in ji nauyin idonsa.

"Iyalinka ta bugo ranar Laraba, ta ce gobe za ka zo duba allo," ya ce. "Na san ba za ka iya zama da ni ba. Ni ma ba zan iya ba. Sai na kai shi aka cika masa wuta, na goge shi, na ajiye maka a kan tabarmar nan. Na rubuta maka a takarda yadda nake dannawa, ɗaya bayan ɗaya. Na sa aka dama fura aka rufe a gefe. Ina idar da sallar asuba na tafi bakin ruwa, ban dawo ba sai bayan la'asar, don ka sami zauren kai kaɗai."

Ya gyara zama a kan buzun, ya ci gaba.

"Na dawo na tarar da allon yadda na bar shi. Furar ta yi tsami."

Hawaye ne kawai ke ɗiga a kan ƙasar da ke gabana, ina kallonsu. Na ji ya kira a kawo wa baƙo abinci, na ji ya laluɓo sandarsa ya miƙe.

"Ka taso daga nesa," ya ce. "Shigo ka ci. Ni zan ɗan fita."

Ya bi ta gefena ya wuce, ya bar mini zauren.